Kama da wane ba ta wane: Abin da ya hana tsofaffin kaset-kaset ɗin bidiyo shiga na'urar juna

A watan Yulin 2016 kamfanin Funai na ƙasar Japan ya daina ƙera na'urar bidiyo mai cin kaset ɗin VHS, kuma shi ne kamfani na ƙarshe da aka sani yana ƙera ta a duniya. Watanni huɗu kafin nan, a watan Maris, kamfanin Sony ya daina fitar da sabon kaset ɗin Betamax, bayan ya riga ya jingine ƙera na'urarsa tun 2002. Don haka duk na'urar da za ta buɗe tsohon kaset a yau ita ma tsohuwa ce, kuma kullum garin Allah ya waye adadin masu aiki a cikinsu raguwa yake yi.

Wannan labari ya shafi ma'aikatan gwamnatin tarayya fiye da yadda da yawansu suke zato. Lokacin da fadar gwamnati ta taso daga Legas zuwa Abuja a ranar 12 ga Disamban 1991, zamanin kaset ne tsundum. Rantsar da shugabanni, ƙaddamar da ayyuka, ziyarar baƙi daga ƙasashen waje, tarukan ƙara wa juna sani, duk a kan zaren kaset aka riƙa ɗaukarsu har zuwa farkon shekarun 2000. Haka abin yake a gidaje: bikin aure, suna, walimar ƙarin girma, muryar mahaifin da ya riga mu gidan gaskiya. Duk wanda ya taɓa leƙa siton tsohuwar ma'aikata ya san irin katan ɗin nan da ake turawa ƙarƙashin kanta, cike da baƙaƙen kaset-kaset, wasu da rubutu a jiki, wasu babu.

Ranar da maigida ya ce a kwashe su a zuba cikin kwamfuta, hadimin da aka ɗora wa aikin yakan ɗauka kaset kaset ne. Sai ya nemo na'urar gwanjo guda ɗaya. A nan ne zai tarar wasu sun ƙi shiga bakinta, wasu sun yi mata ƙanƙanta, wasu sun shiga lafiya lau amma babu abin da ya fito a talabijin sai ɗige-ɗige kamar yayyafi, wasu kuma hoton ya fito amma babu kala. Da yawa daga cikin kaset ɗin da ake yanke wa hukuncin cewa sun lalace, lafiyarsu ƙalau. Na'urar da aka kawo musu ce ba tasu ba.

Zare ɗaya, gida daban

Manyan kishiyoyi biyu su ne Betamax, wanda Sony ya fitar a 1975, da VHS, wanda JVC ya fitar a 1976 ƙarƙashin jagorancin injiniyoyinsa Shizuo Takano da Yuma Shiraishi. Abin mamaki shi ne faɗin zarensu ɗaya ne, rabin inci, wato milimita 12.65. Kwanson da zaren ke ciki ne ya bambanta. Na VHS tsawonsa milimita 187, faɗinsa 103, kaurinsa 25. Na Betamax tsawonsa 156, faɗinsa 96, kauri kuma iri ɗaya. Idan aka ɗora su kan juna, VHS zai zarce da kusan faɗin yatsu biyu. Akwai wata alama mai sauƙin ganewa: fuskar VHS tagogi biyu gare ta, ana hango ƙullin zare na hagu da na dama, yayin da akasarin kaset ɗin Betamax taga ɗaya ce da shi, ɗaya gefen kuma takardar suna ta rufe shi.

Wannan ɗan bambancin girma shi ne ya yanke hukuncin kasuwa. Ana ba da labarin cewa Masaru Ibuka, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Sony, ya buƙaci injiniyoyinsa su yi kaset da bai wuce girman ƙaramin littafin aljihu ba. Sun yi, amma ƙaramin gida ƙaramin zare yake ɗauka, don haka Betamax na farko awa ɗaya kacal yake naɗa. VHS ya fito da awa biyu, abin da ya isa fim guda. A 1977 kamfanin RCA ya shigar da wata na'urar VHS Amurka, ƙirar Matsushita, mai naɗar awa huɗu, wadda ta isa wasan ƙwallon Amurka daga farko har ƙarshe. JVC kuma ya buɗe ƙofa ga kamfanoni irin su Hitachi da Sharp da Mitsubishi su ƙera tasu, na'urori suka yawaita, farashi ya sauka, shagunan hayar fim suka cika kantocinsu da abin da mafi yawan mutane suke da na'urarsa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A 1988 Sony da kansa ya fara sayar da na'urar VHS.

To, tunda zaren faɗinsa ɗaya, me zai hana a kwance shi daga kwanson Betamax a naɗe shi cikin na VHS? Masu gyara sun sha jin wannan tambaya, kuma amsarta tana cikin cikin na'urar.

A tsakiyar kowace na'urar bidiyo akwai wani dunƙulen ƙarfe mai sheƙi, kamar ƙaramar ganga, wanda aka dasa a ɗan karkace. A jikinsa ne ƙananan kawunan da ke rubutu da karatu suke, waɗanda masu gyara ke kira hed. Gangar tana juyawa sau 1,500 a minti ɗaya a tsarin talabijin irin namu, zaren kuma yana tafiya a hankali a jikinta, sai kawunan su riƙa zana siraran layuka na maganaɗisu a gicciye, ɗaya kusa da ɗaya, kamar kunyoyin gona. Kowane layi rabin hoto guda ne. Kafin na'ura ta karanta, dole kanta ya bi ta kan kunyar nan daidai, a kusurwar da aka zana ta, da saurin da aka zana ta.

Gangar VHS faɗinta milimita 62 ne, ta Betamax kuwa 74.5. Wannan kaɗai ya sa tsawon kunyoyin da karkatarsu suka saɓa. Saurin tafiyar zaren ma daban: a tsarinmu VHS yana jan santimita 2.34 a daƙiƙa, Betamax 1.87. Hatta ɗan karkacen bakin kawunan bai zo ɗaya ba, digiri 6 a VHS, digiri 7 a Betamax. Hanyar da ake jawo zaren daga kwanso a naɗa shi a jikin ganga ita ma kowa da tasa. Ta VHS tana yin siffar harafin M, ta Betamax kuma tana zagayowa kamar harafin U. Ko yadda na'ura ke gane cewa zare ya ƙare bai zama ɗaya ba. A ƙarshen zaren VHS akwai wani yanki garai-garai da haske ke ratsawa, na'urar ta gani ta tsaya. Betamax ɗan ƙyallen ƙarfe yake da shi a wurin. Saboda haka zaren da aka yi wa ƙaura zuwa gidan kishiya zai juya, amma ba zai nuna komai ba.

Girman gangar nan ne tushen iƙirarin da magoya bayan Betamax suka daɗe suna yi cewa hotonsu ya fi kyau, domin kan nasu yana shafar kusan mita 5.8 na zare a daƙiƙa, na VHS kuma bai kai mita 5 ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma a talabijin ɗin falo na wancan zamani sai mai ido sosai ne zai rantse ya ga bambancin, kuma da Sony ya rage saurin zarensa don ya ƙara tsawon lokaci, yawancin fifikon ya tafi.

Turai ma ta gwada nata. Philips da Grundig sun fitar da Video 2000 a 1979, kaset mai kusan girman VHS wanda ake juya shi kamar kaset ɗin rediyo, kowane gefe ya ɗauki har awa huɗu. Fasaharsa ta burge masana, amma ya makara, aka daina shi a 1988. Wanda ya yi karatu ko aikin jakadanci a Jamus ko Holan a farkon shekarun 1980 zai iya tarar da irinsa a akwatinsa, kuma samun na'urarsa a yau sai an tona.

'Yan gida ɗaya da ba sa ga-maciji

Inda aka fi yin asarar kuɗi shi ne wajen kaset ɗin da suka yi kama da juna har ido ba ya rabewa. Babban misali Betamax da Betacam. Sony ya fitar da Betacam a 1982 don gidajen talabijin da masu ɗaukar labarai, ya kuma yi amfani da kwanso iri ɗaya da na Betamax a ƙaramin samfurinsa. Kaset ɗin zai shiga na'urar gida ba gardama, ƙofa ta rufe, zare ya fara tafiya. Amma Betacam yana gudu da saurin da ya ninka na Betamax fiye da sau biyar, yana kuma rubuta haske da kala a layuka daban-daban, don haka na'urar gida ba ta fahimtar ko ɗigo. Ga ofisoshin gwamnati wannan ne ya fi muhimmanci, domin abin da ƙwararrun masu ɗaukar hoto suka ɗauka a manyan taruka ya fi yiwuwa ya kasance a kan Betacam, ko Betacam SP da ya biyo baya a 1986, ko kuma U-matic da ya girme su duka. Shi U-matic, wanda ya fito a 1971, ba ya ɓuya: ƙato ne kamar babban littafi, zarensa milimita 19, a bayansa kuma akwai wani jan maɓalli da ake cirewa don hana naɗa wani abu a kansa. Sai dai shi ma kashi-kashi ne, kuma na'urar ƙaramin kashi ba ta nuna na babban kashi yadda ya kamata.

A ɓangaren VHS akwai S-VHS na 1987, mai hoto mafi tsabta. Kwansonsa ɗaya da na VHS in ban da wani ɗan rami a ƙasa da na'ura ke lalubawa ta gane shi. Na'urar S-VHS tana karanta VHS, amma tsohuwar na'urar VHS idan aka ba ta abin da aka naɗa a tsarin S-VHS sai hoton ya fito a yayyage, sai fa samfuran baya-bayan nan da aka ƙara musu wannan damar. Sannan ga batun sauri. Mutane da yawa, don tsimi, sun riƙa naɗa a kan LP, wanda ke mayar da kaset ɗin awa uku ya ɗauki awa shida. Na'urar da ba ta da LP, kuma manyan na'urorin ƙwararru da dama ba su da shi, za ta nuna mutane suna ta sauri da muryoyi kamar na 'yan tsaki.

Ƙananan kaset ɗin kyamarar hannu su ne suka fi rikita mutane. VHS-C, wanda JVC ya fitar a 1982, zaren VHS ne sak aka naɗe a ƙaramin gida, shi ya sa ake da adafta mai siffar babban kaset: a buɗe ta, a saka ƙaramin a ciki, ta miƙe zaren, a tura cikin na'ura. Wannan ya sa jama'a suka ɗauka kowane ƙaramin kaset yana da irin wannan adafta. Babu ita. Video8 na Sony da ya fito a 1985, da ƙanensa Hi8 na 1989, zarensu milimita 8 ne, kuma babu wata dabara da za ta sa gangar VHS ta karanta shi. Duk ɗan kasuwar da ya ce zai samo adaftar Hi8 zuwa VHS, ko dai bai san kayan ba ko kuma ya san abin da yake yi. Mafita ita ce kyamarar da ta ɗauke shi ko irinta. Kyamarar Hi8 tana karanta Video8, kuma da yawa daga kyamarorin Digital8 na 1999 suna karanta su duka biyun, ko da yake ba kowace ba. MiniDV na 1995, wanda ya fi su ƙanƙanta, zarensa milimita 6.35, gidansa daban ne gaba ɗaya.

Iyakar ƙasa a jikin zare

Ko kwanso ya dace, rubutu ya dace, akwai sauran shinge guda, kuma shi ne wanda mutanen ƙasar nan suka fi sani a aikace. A zamanin kaset, duniya ta kasu gida uku a tsarin talabijin mai kala. Amurka da Japan sun kasance a kan NTSC, mai layuka 525 da hotuna kusan 30 a daƙiƙa. Ingila da Jamus da Najeriya da Ghana sun kasance a kan PAL, mai layuka 625 da hotuna 25. Faransa ta yi nata, SECAM, wanda ƙasashe da dama da ta yi wa mulkin mallaka suka ɗauka, ciki har da Nijar da Chadi.

Kaset ɗin VHS da ba a naɗi komai a kansa ba bai san iyaka ba. Wanda aka saya a Amurka zai yi aiki a Kaduna. Lambar da ke jikinsa ce kawai za ta ruɗar da mutum. T-120 na Amurka yana nufin minti 120 a saurinsu na santimita 3.34 a daƙiƙa, E-180 namu kuma minti 180 a saurinmu, alhali tsawon zaren da ke cikinsu bai bambanta sosai ba, wajen mita 250 kowanne. Amma da zarar an naɗa, kaset ya zama ɗan ƙasa. Gangar NTSC sau 1,800 take juyawa a minti, don haka kaset ɗin bikin yaye ɗalibai da aka aiko daga Amurka, idan aka saka shi a na'urar PAL zalla, sai hoto ya riƙa birgima, murya ta ja kamar mai magagin barci. Tsakanin PAL da SECAM abin ya fi sauƙi, tunda layuka da sauri ɗaya ne, kalar ce kawai aka rubuta ta wata hanya. Shi ya sa kaset ɗin da aka naɗo daga talabijin a Maraɗi ko Damagaram zai iya fitowa a Katsina tar, amma baƙi da fari. Akwai ma wani reshe da ake kira MESECAM, wanda aka yi don kasuwar Gabas ta Tsakiya, abin da ya sa na'urorin da aka riƙa sayowa daga can sukan zo da jerin sunayen tsare-tsare a goshinsu. Irin waɗannan masu cin kowane tsari su ne suka fi daraja a yau, kuma duk ofishin da ya taɓa karɓar kaset daga ofisoshin jakadanci na waje, irinsu ya kamata ya nema.

Rinjayen VHS a ƙasar nan bai tsaya a falo ba. A kansa aka gina masana'antu biyu. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan Hausa na bidiyo, sannan Kenneth Nnebue ya fitar da Living in Bondage cikin harshen Ibo a 1992. Daga Ƙofar Wambai zuwa Idumota, dubban finafinai sun fita a kan wannan kwanso kafin faifan CD ya ture shi. Kowane kwafi da aka yi daga wani kwafin yana rasa wani abu na tsabtar hoto, don haka uwar kaset, wadda aka fara naɗa a kanta, ba ta da madadi. Haka yake ga fim, haka yake ga faifan zaman kwamiti.

Zaren kansa yana da ajali. Leda ce siririya da aka shafa wa garin maganaɗisu da wani irin danƙo, kuma danƙon nan yana shan danshin iska ya saki, har zaren ya riƙa manne wa kawunan na'ura yana zubar da garinsa. Daminar Legas da Fatakwal tana kawo fumfuna, wadda ake gani fari-fari ta tagar kaset, zafin sito mai rufin kwano kuma yana gaggauta komai. Hukumar adana finafinai da sauti ta Ostireliya ta yi gargaɗi tun 2015 cewa abin da ba a kwafe daga zaren maganaɗisu ba kafin 2025 yana iya salwanta, UNESCO ma ta ƙaddamar da irin wannan faɗakarwa a 2019. Babban dalilinsu shi ne ƙarewar na'urori da kayan gyaransu da kuma mutanen da suka iya gyaran. A ganina wannan na ƙarshe ya fi tsanani a wurinmu: masu gyaran bidiyo na da, waɗanda suka san yadda ake daidaita hed da sauya bel, yawancinsu sun koma gyaran waya ko sun tsufa.

Saboda haka aikin farko a kan katan ɗin kaset ba ya buƙatar wutar lantarki ko kasafin kuɗi. Ruler ce da takarda. A fito da su ɗaya bayan ɗaya, a karanta tambarin da aka buga a jikin kwanso, a auna wanda ba shi da tambari, a rubuta iri da adadi da duk abin da ke kan takardar suna, har da kwanan wata da sunan wanda ya ɗauka, domin sau da yawa wannan rubutun hannu shi kaɗai ne shaidar abin da ke ciki. A ɓalle ɗan harshen da ke gefen kowane VHS don kada wani ya danna maɓallin naɗa bisa kuskure. Wanda ya yi fumfuna a ware shi, kada a gwada shi, domin kaset ɗaya mai datti yana iya toshe kawunan na'urar da aka sha wahalar samu, ya kuma shafa wa na bayansa. Sauran a jera su a tsaye kamar littattafai, a wuri mai sanyi da bushewa, nesa da lasifika da injin janareta.

Sai an san abin da ake da shi sannan za a san na'ura nawa ake nema, da kuma ko aikin ya fi ƙarfin ofis, ya kamata a tuntuɓi masu sana'ar, irin su ma'ajiyar finafinai da bidiyo da sauti ta ƙasa da ke Jos ƙarƙashin Hukumar Finafinai ta Najeriya. Mai rubuta takardar neman kuɗi kuma ya tuna cewa kwafar kaset ba ta da gajeriyar hanya: na awa uku, awa uku zai ci. Katan-katan masu kaset 500 irin E-180, idan a cike suke, awa 1,500 ke nan, wato kusan ranakun aiki 188 a kan na'ura ɗaya da ba ta taɓa tsayawa gyara ba. Bayan an gama kuma a ajiye kaset ɗin na asali, a adana kwafin a wurare biyu mabambanta, kada a dogara da faifan DVD guda da aka jefa cikin durowar wani jami'i da za a iya yi wa canjin wurin aiki a wata mai zuwa.